Sirdin da Ke Zamewa Dama: Nazarin Lamarin Wani Mahayi a Gombe

Asalin lamarin

Mahayin da wannan nazari ya shafa tela ne ɗan shekara 27, mazaunin cikin garin Gombe, wanda ya fara hawa tun yana yaro a bargar baffansa. Baffan yana cikin masu rufa wa wani hakimi baya a hawan Sallah, kuma yana da dawaki uku a turke. Wanda aka ware wa saurayin shi ne wani ingarma akawal, wato baƙin doki, mai shekara tara, doki mai sanyin hali wanda ba a san shi da tutsu ko cizo ba.

A shekarar 2019 saurayin ya yi hatsarin babur, ya karye a idon sawun hagu. Mai ɗori ya ɗora shi a gida, ya yi kusan wata biyu bai taka ƙafar ba, daga baya ya warke har yana tafiya ba tare da ɗingishin da ido zai kama ba. Abu biyu suka biyo bayan karayar waɗanda ba wanda ya ba su muhimmanci a lokacin. Na farko, idon sawun bai koma lanƙwasuwa kamar da ba, ta yadda in ya tsuguna diddigensa na hagu yakan ɗaga daga ƙasa. Na biyu, a shago ya koma taka keken ɗinki da ƙafar dama kaɗai, yana zaune a gefen benci ya jingina nauyinsa wuri guda tun safe har la'asar. Ya koma hawa sosai a 2022.

Sirdin da yake hawa da shi irin na gargajiya ne, mai tudu gaba da baya, da zubka, wato matashin da ke tsakaninsa da bayan doki, a ƙarƙashinsa, da faffaɗar likkafar ƙarfe wadda gefenta ke taɓa kwiɓin doki. Irin wannan sirdi yana riƙe mutum ƙam, don haka mahayi zai iya daɗewa yana zaune a karkace bai faɗi ba, balle a gane akwai matsala. In kuma aka lulluɓe shi da babbar riga da alkyabba, to sai dai a ga rawani yana tafiya.

Afrilu zuwa Yuni 2023: alamun farko

An yi Ƙaramar Sallah ranar 21 ga Afrilu, 2023. A kilisar da aka riƙa yi kafin hawa, abokan sahunsa suka fara ƙorafi cewa akawal ɗin ba ya riƙe layi. Duk lokacin da suka jeru su huɗu suka saki dawaki a guje, kafin a kai wurin zamiya sai ya matso dama ya haɗa gwiwa da na kusa da shi. A tafiyar taku ba a cika ganin haka ba, a sassarfa yakan bayyana kaɗan, a sukuwa kuwa kullum ne.

Yaron barga shi ma ya lura da nasa. In an sauka bayan kamar rabin awa, sirdin yakan kasance ya zame dama da kimanin faɗin yatsu uku daga tsakiyar gadon baya, alhali daidai aka ɗaura shi. A kusurwar bakin dokin ta hagu kuma fata ta fara saluɓewa.

Ranar 28 ga Yuni aka yi Babbar Sallah. Kwana biyu kafin ta, a wajen gwajin jahi, sirdin ya juya dama a lokacin zamiya, mahayin ya sulluɓo ƙasa ta kafaɗa. Bai ji ciwo mai yawa ba, amma baffansa ya cire shi daga sahun masu sukuwa a wannan hawan.

Yuli zuwa Oktoba 2023: abubuwan da aka gwada ba su yi ba

Kowa a bargar ya ɗora laifin kan doki, har da mahayin. Aka ce akawal ya yi taurin baki a ɓangaren hagu, aka sauya masa linzami da wanda ya fi kaifi, aka kuma umarci mahayin ya riƙa jan hagu da zarar ya ji dokin ya fara kaucewa. Cikin mako biyu ciwon bakin ya zama miki, dokin ya koma ɗaga kai yana wurgi da shi tun kafin a taɓa linzamin, kaucewar kuma tana nan. Abin da ya sauya kawai shi ne yanzu kansa na kallon hagu, kafaɗarsa na tafiya dama.

Sai aka koma kan majayi, wato ɗamarar da ke ɗaure sirdi a jikin doki. An ƙara tamke shi fiye da yadda aka saba, da tunanin cewa sirdin da aka ɗaure tamau ba zai motsa ba. Zamewar ta ragu zuwa yatsu biyu, amma a mako na uku majayin ya goge fatar bayan hammatar dokin, dole aka hutar da shi kwana goma sha takwas. Bayan ya warke wani ya kawo shawarar a naɗe tsohon bargo a cusa ƙarƙashin zubka ta gefen dama don a tokare sirdin. Wannan ya yi aiki na kwana huɗu ko biyar, sannan bargon ya danne, ya bar wani wuri a bayan dokin wanda ke fitowa a bushe bayan kilisa alhali ko'ina ya jiƙe da gumi. Masu doki sun san wannan alama: inda nauyi ya taru ya matse fata gumi ba ya fita, in aka ci gaba kuma gashin wurin yakan dawo fari.

A watan Satumba baffan ya fara zargin mahayin. Ya tsaya a gaba yana kallo ya ga kafaɗarsa ta hagu ta fi ta dama sauka, sai ya riƙa yi masa tsawa: “Ɗaga kafaɗar nan, kai! Zauna sosai!” Saurayin yakan ɗaga, ya riƙe na ɗan lokaci jikinsa a sandare, da an shiga sassarfa sai kafaɗar ta koma inda take. Da aka matsa masa sai ya ce, “Wallahi Baffa, ni dai ji nake a miƙe nake. In na yi yadda ka ce, sai in ji kamar zan faɗi.” An ɗauki wannan magana a matsayin gardama.

Gwaji na ƙarshe shi ne rage tsawon maɗaurin likkafar dama, saboda an ga ƙafar dama ta fi saukowa. Da likkafar ta matso kusa, sai ya sami abin dogarawa da ƙarfi, ya ƙara danna ta, sirdin ya ci gaba da juyawa, gwiwarsa ta dama kuma ta fara ciwo.

Nuwamba 2023: rarrabe doki da sirdi da mahayi

Bayan an gama girbi baffan ya gayyato wani dattijo, tsohon mai horar da dawaki wanda ya haura shekara saba'in, daga wani gari a kan hanyar Dukku. Dattijon bai ce a gyara komai ba a ranar farko. Cewa ya yi a yi musaya.

Aka ɗora wani mahayi a kan akawal da wancan sirdin, ya yi rabin awa yana taku da sassarfa da ɗan gudu. Sirdin ya zame dama, amma bai wuce yatsa ɗaya ba, dokin kuma ya riƙe layi. Aka ɗora telan a kan wani doki kili na bargar da sirdin kilin, wanda ba a taɓa sanin ya zame ba. Cikin minti goma sha biyar ya karkata dama da yatsu biyu, kilin ma ya fara matsawa dama. Da aka kife sirdin akawal aka duba, sai aka tarar zubkar ta dame ta gefen dama saboda watannin da ta yi tana ɗaukar nauyi a wurin, wato ita ma ta zama karkatacciya, kuma wannan ne ya haifar da yatsa ɗayan da aka gani a ƙarƙashin mahayi na biyu. Aka kuma kwance maɗauran likkafa aka jera su: na hagu ya fi na dama tsawo da santimita biyu ko da an daidaita ɗaurinsu, domin ta hagu ake hawa, kuma duk hawa ɗaya fatar tana ɗan miƙewa.

Duk da haka ba a wanke dokin nan take ba. Sirdi mai yawan zamewa gefe guda yakan zama alamar ciwo a ƙafar baya, kuma binciken da likitocin dabbobi Line Greve da Sue Dyson suka wallafa a Ingila a 2013 ya nuna cewa sau da yawa sirdin yakan zame ne wajen ƙafar da ke ciwon. Saboda haka aka kira likitan dabbobi, ya sa aka ja dokin a sassarfa a kan ƙasa mai tauri, a miƙe da kuma a zagaye, ya lanƙwasa gaɓoɓin baya ɗaya bayan ɗaya ya sake sa shi gudu. Bai ga ɗingishi ba. Ya ba da maganin bakin, ya ce a bar linzamin nan mai kaifi.

Sauran awon a jikin mahayin aka yi shi. Wani ƙaninsa ya manna farin tef a tsaye a tsakiyar bayan rigarsa, wani kuma a tsakiyar bayan sirdin, ya bi shi a baya yana ɗaukar bidiyo da waya. A hoton an ga abin da kallo daga gaba bai nuna ba: ƙugunsa ya tafi dama, haƙarƙarinsa na hagu ya naɗe ya matso ƙugu, kafaɗar hagu ta sauka, gwiwar hagu ta ɗago ta maƙale da sirdi, gefen likkafar hagu kuma yana manne da kwiɓin doki. Saurayin ya kalli bidiyon sau uku bai ce uffan ba.

A sashen gashin ƙashi na wani asibiti aka ƙara awo biyu. An tsayar da shi a kan sikeli biyu, ƙafa ɗaya a kan kowanne, aka ce ya tsaya yadda yake jin ya daidaita. Nauyinsa kilo 68 ne, sikelin dama ya nuna 39, na hagu 29. Sannan aka sa ya fuskanci bango, ya tura gwiwa ta taɓa bangon ba tare da diddige ya ɗaga ba, ana ja da ƙafar baya har iyakar inda zai iya. Da ƙafar dama babban yatsansa ya kai santimita 11 daga bango, da ta hagu santimita 4.

Daga nan sarƙar ta fito fili. Idon sawun hagu ba ya lanƙwasuwa ya shanye girgizar tafiya, don haka jiki ya guje shi ya zuba nauyi a likkafar dama. Ƙugu ya bi nauyin, sirdi ya bi ƙugu. Don kada ya faɗi, saman jikinsa ya karyo hagu, kafaɗa ta sauka. Doki kuwa ɗabi'arsa ce ya shiga ƙarƙashin nauyin da ke kansa, ga kuma likkafar hagu tana tura shi, sai ya tafi dama. Mahayin ya ja linzamin hagu, ya samu kai amma bai samu kafaɗa ba.

Disamba 2023 zuwa Fabrairu 2024: aikin da aka yi

An fara da kaya. Baduku ya kwance zubkar ya sake cusa ta daidai, aka yi sababbin maɗauran likkafa masu tsawo ɗaya, aka kuma tsara a riƙa musanya na hagu da na dama duk ranar Juma'a. An mayar da linzami mai sauƙi, majayi ya koma ɗaurinsa na da. Dattijon ya sa aka kife wani tsohon turmi a bakin barga, ya ce daga ranar a kansa za a riƙa hawa, domin mai hawa daga ƙasa yana rataya dukkan nauyinsa a likkafa ɗaya, ya murɗe sirdi tun kafin a fara tafiya.

A gida, mai gashin ƙashi ya ba shi aiki na minti goma sha biyar safe da yamma: tura gwiwa zuwa bango yana riƙewa na daƙiƙa talatin, tsayuwa a kan ƙafar hagu kaɗai, da ɗaga diddige da sauke shi a bakin dakali. A shago kuma ya koma zama a tsakiyar benci yana taka keke da ƙafa biyu. Wannan ya fi komai ba shi wahala, domin ɗinkinsa ya yi nawa na kusan mako uku, kuma ya amsa cewa ranakun da aiki ya yi yawa yakan koma tsohon zamansa.

Aikin kan doki ya ɗauki kwana huɗu a mako, da sassafe, a wani fili mai yashi a bayan gari. Dattijon yakan tsaya a tsakiya riƙe da igiya mai tsawon kamar mita takwas da aka ɗaura a ragama, doki yana zagaya shi, mahayin ba linzami a hannunsa, ƙafafunsa kuma a waje da likkafa. Minti ashirin ne kawai, goma ta hannun dama, goma ta hagu, saboda zagaye yana gajiyar da gaɓoɓin doki. Wannan hanya tsohuwa ce a duniyar hawa, kuma a shahararriyar makarantar hawan doki ta birnin Biyana a Ostiriya sabon ɗalibi yakan daɗe a kan igiya haka kafin a damƙa masa linzami. Dattijon bai taɓa jin labarin Biyana ba, shi a wurin mahaifinsa ya gani.

Makonni uku na farko taku kaɗai aka yi. Taku bugu huɗu ne, kowace ƙafa tana sauka ita kaɗai, bayan dokin kuma yana kai ƙugun mahayi dama da hagu bi da bi. An sa shi ya rufe ido ya riƙa faɗin “yanzu” duk lokacin da ya ji ƙafar baya ta hagu ta taso. Da farko ta dama kaɗai yake iya kamawa, domin ƙashin zamansa na hagu kusan ba ya taɓa sirdi. Dattijon bai taɓa ce masa ya ɗaga kafaɗa ba. Abin da yake maimaitawa shi ne, “Ɗana, saki ƙafar hagu ta yi nauyi. Bar ta ta rataya kamar guga a rijiya.” In ƙugun ya dawo tsakiya sai ya ce, “To, nan ne.” Saurayin yakan amsa, “Baba, ji nake na karkata hagu.” Sai a nuna masa bidiyo ya ga tef ɗin biyu sun hau layi ɗaya. An yi wannan musu kusan kullum har ƙarshen Disamba, kuma a nan ne mafi yawan aikin yake, domin jikin da ya shekara huɗu a karkace ya riga ya ɗauki karkatar a matsayin daidai.

A Janairu aka mayar da likkafa, aka shiga tsayuwa a kanta: ya miƙe daga sirdi a taku, hannu a ƙugu, ya ƙirga ashirin. Wanda kunnensa da kafaɗarsa da ƙugunsa da diddigensa ba su hau layi ɗaya ba, ba zai iya wannan ba sai ya faɗa gaba ko ya koma zaune. A makon farko bai wuce ƙirga shida ba. Daga nan aka shiga sassarfa, wadda bugu biyu ce kuma ta fi tona asirin mai dogara da ƙafa ɗaya. A tsakiyar Fabrairu aka cire igiya, aka ba shi linzami, aka ja layi biyu a yashi masu tazarar mita ɗaya da rabi da tsawon mita sittin, ya riƙa bi ta tsakaninsu yana kallon wata bishiyar maina da ke can gaba. Bayan kowane wucewa akan je a duba sawun kofato.

Awon ƙarshen Fabrairu: sikeli 36 da 32, idon sawun hagu santimita 7, zamewar sirdi bayan rabin awa ƙasa da yatsa ɗaya.

Maris zuwa Afrilu 2024: koma baya

Azumi ya kama ranar 11 ga Maris, kuma ga tela wannan ne watan da ba barci. Ya bar motsa idon sawu, ya koma taka keke da ƙafa ɗaya har tsakar dare, kilisa ta ragu zuwa sau ɗaya a mako da yamma cikin zafin bazara. A bidiyon da aka ɗauka a goman ƙarshe, minti goman farko lafiya lau ne, daga nan ƙugun ya fara tafiya dama, sirdin ya koma yatsu biyu.

An kuma gano wani abin da ba a yi lissafinsa ba. Duk horon an yi shi ne da 'yar shara da wando, hannu wofi. Ranar da aka naɗa masa rawani, aka yafa alkyabba, aka ba shi mashi a hannun dama, sai tsohon zaman ya dawo nan take. A Ƙaramar Sallah ta 10 ga Afrilu ya hau, amma a sahun masu taku, bisa shawarar dattijon.

Mayu zuwa Yuni 2024: sakamako

Bayan Sallah aka dawo kwana huɗu a mako, ana yin biyu daga ciki da cikakken kayan hawa. An fara da sanda marar nauyi a madadin mashi, yana sauya ta daga hannu zuwa hannu, kafin a koma mashin. Sukuwa ta shigo a mako na uku, shi kaɗai tsakanin layukan yashi, sannan su biyu, sannan su huɗu. An kuma sa masa doka cewa da zarar ya ji gwiwar hagu ta fara maƙalewa, ya koma taku ya zare ƙafafu daga likkafa na minti ɗaya.

A Babbar Sallah ta 16 ga Yuni, 2024, ya koma sahun masu sukuwa, ya yi jahi sau biyu ba tare da ya taɓa na kusa da shi ba. Da aka sauka bayan fiye da awa biyu a kan doki, sirdin ya zame da yatsa ɗaya. Awon da aka yi a makon da ya biyo baya ya nuna 35 da 33 a sikeli, idon sawun hagu kuma santimita 8. Bakin akawal ya warke, sai dai fararen gashi kaɗan sun fito a inda bargon nan ya danne.

Hukunci

Gwaje-gwajen watanni huɗun farko sun faɗi ne saboda kowannensu ya kama ƙarshen sarƙar: linzami ya bi bakin doki, majayi da bargo sun bi sirdi, tsawar baffa ta bi kafaɗa, alhali tushen yana can ƙasa a idon sawu. Uku daga cikinsu sun jawo wa dokin rauni a kan laifin da ba nasa ba. A ganina musayar doki da mahayi, wadda ba ta ci ko sisi ba kuma ba ta wuce awa ɗaya ba, ita ya kamata a fara yi tun a watan Mayun 2023, kafin a taɓa linzami.

A cikin abubuwan da suka yi aiki, da wuya a ware ɗaya a ce shi ne, tunda an gyara zubka, an motsa idon sawu, an hau kan igiya duk a lokaci guda. Amma koma bayan da aka samu cikin azumi ya ba da haske: sirdi da maɗaurai suna nan a gyare, karkatar kuma ta dawo da aka bar aikin jiki, wato kaya ba su ne ke riƙe da gyaran ba. Bidiyon ma ya yi abin da baki ya kasa, domin maganar saurayin ta watan Satumba gaskiya ce, a miƙe yake jin kansa, kuma ba a gyara irin wannan ji da tsawa. Kuskuren masu horon shi ne jinkirin shigo da kayan hawa, wanda ya ci musu Sallah guda.

Gyaran bai cika ba. Tazarar santimita uku tana nan tsakanin idon sawun biyu, kuma mai gashin ƙashi ya ce mai yiwuwa ba za ta rufe duka ba bayan irin wannan karaya. In ya wuce awa ɗaya da rabi a kan doki, ko ya kwana ɗinki, ƙugun yakan fara neman dama. Har yanzu ƙaninsa yana ɗaukar bidiyo sau ɗaya a wata, turmin kuma yana nan kife a bakin barga.